Da Tsintsiya Na Ƙwato Tsibirina

Ni dai ban yi boko ba. An sa ni elemantare a Kazaure, na yi 'yan watanni, malam ya ga bulalarsa tana ƙarewa a banza, ni ma na ga bayana yana ƙarewa a banza, sai muka rabu ba tare da kowa ya yi kewar kowa ba. Sau ɗaya na sake taka makarantar, ranar da aka ce Turawa sun miƙa mulki, domin na ji za a raba wa ɗalibai shinkafa da nama. Na riga na yi tsawo, sai na rage tsayi na shiga layin yara. Na ci, na zagaya na sake shiga. Tun daga ranar na gane baiwar da Allah ya yi mini ba ta kai ba ce, ta ciki ce.

Kakanmu na wajen uwa yana da gona a wani kwari bayan gari, ƙasa mai kyau, a tsakiyarta kuma akwai wani tudun dutse da tsamiya guda a kansa. Da ya rasu, 'ya'yansa maza suka riƙe kwarin. Dutsen kuwa ba wanda ya waiwaye shi, sai mahaifiyata ta roƙi yayanta ya bar mini in riƙa yafa 'yar gyaɗa a tsakanin duwatsun, ko na daina yawon gindin masu tsire. Ya ce in ɗauka, ko awaki ma sun raina wurin.

Sai shekarun fetur suka zo, gwamnati ta ce za ta tare ruwa. Aka kawo manyan motoci suka yi ta tura ƙasa, damina ta sauka, ruwa ya kwanta a kwarin nan ya shanye gonar 'ya'yan maza ƙaf. Ya zo gindin dutsena ya tsaya. Na tashi da safe na tarar ni ne mai tsibiri, ni da ko a kududdufi ban taɓa iyo ba.

Masunta suka zo daga wajen Haɗeja da komarsu. Na ba wani dattijonsu akuya, ya ba ni tsohon kwalekwale da filafilin tuƙi, ya koya mini yadda ake yi. Na sha ruwan dam ɗin nan har na san ɗanɗanon kowane ɓangarensa kafin hannuna ya faɗa. Daga nan na kafa rumfar zana a gindin tsamiya, na ɗora ragar waya a kan duwatsu uku, na fara gasa tarwaɗa da karfasa. Yajina kuwa a turmin mahaifiyata nake daka shi, wani ɗan ƙaramin turmi da ta bar mini da ta rasu, bakinsa duk ya cinye saboda tsufa.

Baƙi suka fara zuwa. Ma'aikatan kamfanin hanya, akawunan Kano da aka yi wa ƙarin albashi suka sayi babura ba su san inda za su je da su ba, fatake daga Nijar da kuɗinsu na sefa, har da Turawa jefi-jefi, waɗanda za su tuɓe riga su baje a kan dutse kamar ƙadangaru. In rana ta yi sanyi sai in kunna aci-balbal, wani mai kukuma daga Gwiwa ya zauna yana yi musu, ni kuma ina juya kifi ina zuba musu ƙarya game da wani kada da ban taɓa gani ba. A karon farko a rayuwata aka daina ce mini wane mai kwaɗayi, aka koma wane mai tsibiri.

To, ina da taubashi, ɗan yayan mahaifiyata, sa'ana. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka a wasan taubasai shi ne ubangida ni ne bawa. Ya zage ni in zage shi, ya fizge hulata in ɓoye takalminsa, kuma duk wanda ya yi fushi shi ne abin dariyar dangi. Shi ya yi boko, ya tafi Kano, ya zama ɗan kwangila, ya je Makka, ya dawo da haƙorin zinare da tumbi.

Wata Lahadi ya zo da abokansa na tsallako da su a kwalekwale. Ya ci kifi har ya kwance tazuge. Ya dubi ruwa, ya dubi baƙin da suka cika rumfa, na ga idonsa yana auna wurin.

Ya ce, "Kai bawa, wa ya ba ka dutsen ubana?"

Na ce, "Awaki ne suka ƙi shi, ranka ya daɗe, na roƙe su suka bar mini."

Ya ce, "To ai bawa ba shi da dukiya. Shi da abin da ya tara na ubangidansa ne. Na karɓa."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ya cire hulata ya ɗora a kan tasa ya tafi da ita.

Bai cika mako ba sai ga tifa ta juye bulo da siminti a bakin ruwa. Na ruga wurin manya. Kawuna, ubansa, ya riga ya rasu, sauran kuwa da suka ji ƙarata sai suka kama dariya. Suka ce kai da taubashinka, wa zai shiga tsakaninku? Wani ya ƙara da cewa in ma maganar gado za a yi, aro aka ba uwarka. Na koma gida ina murmushi a hanya don kada a ce na yi fushi, haƙorana kuwa kamar su farfashe.

Ya rushe rumfata ya gina otal. Ɗaki babba na cin abinci, tebura da fararen mayafai, cokula masu yatsu, janareta, ƙwayayen lantarki ja da kore ya rataye su a jikin tsamiyata kamar an yi mata kwalliyar sallah. Ya sallami mai kukuma ya kawo garmaho. Ya ɗauko kuku daga Kano, mai doguwar farar hula, wanda in ya dafa kaza sai ta fito fari fat kamar ta yi jinya. Ya sa firji a gaba cike da lemo. Ya sa wani a ɗakin baya, wanda ya ce na Turawa ne da mutanen kudu. Ni nake fito da katan-katan ɗin giyar nan a rufe da buhu, kuma ni nake mayar da wasu masu hula da carbi da suka shiga ɗakin bayan a miƙe suka fito a karkace. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ajiya nake yi.

Ni kuwa ya naɗa ni mai fito, tun da duk danginmu ba wanda ya iya tuƙi sai ni. Ya ɗinka mini farin kaki da gajeren wando. Magidanci da 'ya'ya, gwiwoyina a waje kamar na ɗan dako! In na kawo baƙi sai ya dafa kafaɗata ya ce musu, "Wannan bawana ne, gadonsa na yi." Su yi dariya, ni ma in buɗe baki.

Duk wannan da na iya haɗiye shi. Amma wata rana na shiga ɗakin cin abinci na tarar da turmin mahaifiyata a tsakanin kujeru, an cika shi da yashi, baƙi suna kashe guntun sigari a ciki. Na ce masa, "Alhaji, wannan fa turmin gwaggonka ne." Ya ce, "Ai shi ya sa na ba shi aikin ofis." Ranar ban yi dariya ba, na dai yi tari na fita. Na zauna a cikin kwalekwale na ce wa ruwa, ko shekara nawa za a yi, sai na rama, kuma da dariya zan rama, yadda shi ma ba zai sami bakin kai ƙara ba.

Damina ta wuce, wata ta sake wucewa. Ina tuƙi, ina gaisuwa, ina jira. Ba ni da dabara, kada wani ya ɗauka ina da ita. Duk abin da na ƙulla a raina na wauta ne, irin su in huda kwalekwale, alhali ni ne a ciki.

Sai wata rana ya tara mu, ni da kuku da masu kai abinci, ya buga yatsa a kan kalandar bango. Ya ce ranar Asabar ta sama wani babban mutum zai zo daga Kano da jama'arsa, wanda ke raba kwangilar gine-gine, za a yi masa liyafa bayan magariba. Za a gasa raguna, a soya kaji, a dafa shinkafa. Ya ce in kaki na ya yi datti a ranar sai ya sayar da ni a kasuwar Gwiwa.

Na koma gida na tarar mai ɗakina ta sauko da jelar ragon layya daga inda ta rataye ta tun babbar sallah, tana kakkaɓe ta. Na ce me za a yi da ita? Ta ce, "Kai kam in ba a sa maka a baki ba ba ka sanin wata ya kama. Asabar ta sama ai cika-ciki ce."

Na ce, "Wace Asabar?"

Ta ce, "Asabar nawa gare ka?"

Na zauna a kan turmin dakanta na yi ta dariya har ta ɗauka aljanun ruwa sun shafe ni. Duk garin, daga tsofaffi har yara, kowa ya san ranar cika-ciki, ranar da ake wuni da azumi a kwana da ƙoshi, ba a hana kowa abinci. Kuma a gidanmu a ranar ne 'ya'yan mata ke ɗaukar tsintsiya su je su share gidan ɗan namiji, ya ciyar da su, ya ba su tukuicin shara. Mutum ɗaya ne bai sani ba, wanda ya daina duban wata ya koma duban bango.

Washegari na hau kekena. Kakanmu Allah ya ba shi 'ya'ya mata da yawa, an kai su aure ko'ina. Na fara da Roni, wurin yayar mahaifiyata, wadda ita ce babba a duk waɗanda suka rage. Ni ina ce mata Inna, shi yana ce mata Gwaggo, kuma ko da haƙorinsa na zinare bai isa ya ɗaga ido a gabanta ba. Na durƙusa na ce, "Inna, ubangidanmu ya yi sabon gida a tsakiyar ruwa, ga shi ba a taɓa share masa ba. Kuma na ji da kunnena ya ce a gasa raguna ranar cika-ciki." Ku duba maganar nan da kyau, babu ƙarya ko ɗaya a cikinta. Inna ta ce Allah ya yi masa albarka, ashe bai manta da zumunci ba.

Daga nan na bi ta Gwiwa ranar kasuwa na shaida wa 'yan uwanmu na rugar Fulani. Na ba wani direban lori saƙo zuwa Babura da Kanya Babba, wurin waɗanda uwarsu ta auri Babarbare. Na ce kowa ya zo da tsintsiyarsa da iyalinsa, kada a bar kowa a gida.

Ranar Asabar bayan azahar na fitar da Alhaji gaɓa, ya tafi gida ya yi wanka ya sa manyan kaya. Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba dangi suka fara fitowa daga bayan duwatsu inda na ce su jira. Na yi ta jigila har kafaɗuna suka mutu. Tsofaffi suna salati, mata suna ƙanƙame da juna, wani ɗan uwanmu Bafulatani ya rufe ido tun daga gaɓa har tsibiri yana cewa shi ko saniyarsa ba ta yarda da ruwan da ya wuce gwiwa ba. Kuku ya fito da wuƙa a hannu yana tambaya su wane ne waɗannan. Na ce masu gida ne.

Suka kama shara. Tsibirin dutse ne da yashi, tsintsiya kuwa ta fi a ƙirga. Ƙura ta tashi ta sauka a kan fararen mayafan nan har suka koma kalar kunun kanwa.

Rana ta kusa faɗuwa na koma na ɗauko Alhaji, yana ta ƙamshin turare, babbar riga tana ƙara saboda sitaci. Muna matsowa ya ji hayaniya, ya ce, "Baƙin sun riga ni ne?" Na ce, "Wasu dai sun iso." Ƙafarsa na taɓa dutse mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗaga tsintsiyoyi sama ana ta ubangida ya iso, ubangida ya iso. Ya tsaya baki buɗe. Ni kuwa na ja kwalekwale na ɗaure, na kai filafilin na shimfiɗa a ƙarƙashin tabarmar Inna, na ce mata maganin sanyin dutse ne. Ta gyara zama a kai.

Ya zo ya durƙusa ya gaishe ta. Ta dafa kansa ta ce, "Ɗan ƙanena, yau ka wanke mini zuciya. Ana cewa kuɗi sun sa ka manta cika-ciki, na ce ƙarya ne." Ya waiwayo ya dube ni, na sunkuyar da kai irin na bawan kirki.

Aka kira magariba daga gari, aka sha ruwa, aka yi salla. Sannan mutanen da suka wuni da azumi, suka yi tafiya, suka yi shara, suka juya suka fuskanci ragunan babban mutum. Ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba. Ɗan uwanmu Babarbare ya riƙe cinya, Bafulatanin nan ya riƙe ɗaya ƙarshen, Babarbaren yana cewa saki, kai da ba ka san nama ba sai nono, Bafulatanin yana cewa bawa ba ya cin cinya a gaban mai shi. Kajin kuku da na raina, sai ga su sun sami masoya. Yara suka gano cokula masu yatsu suna tsokanar juna da su. Ni ma na zauna na yi abin da aka haife ni domin shi.

Ana cikin haka fitilun motoci suka haska gaɓa, aka fara danna ham.

Alhaji ya zo kaina, yana murmushi saboda idon jama'a, ya ce ƙasa-ƙasa, "Tashi ka ɗauko su."

Na ce da ƙarfi, "Ranka ya daɗe, yau cika-ciki, kuma na cika. In na shiga jirgin nan nutsewa zai yi."

Aka fashe da dariya. Ya ruga bakin ruwa da kansa, ya tarar ba filafili. Ya dawo yana dube-dube har ya hango bakinsa yana leƙowa daga ƙarƙashin Inna, ita kuwa tana tsakiyar tauna. Wa zai ce wa Gwaggo ta tashi tana cin abinci? Ya tsaya yana murza hannu, ham kuwa sai ƙaruwa yake.

Sai Inna ta ce naman nan ya sa ta ƙishi, a ba ta lemon nan mai sanyi. Aka ce ai yara sun shanye. Na miƙe na ce, "Inna, kada ki damu. Akwai wani firjin a ɗakin baya, kwalabensa ma sun fi girma. Bari in ɗebo miki."

Ban yi taku uku ba na ji an damƙe mini hannu. Ya ja ni bayan tsamiya. Fitila ja da kore suna haska fuskarsa, gumi yana bin sitacin rigarsa.

Ya ce, "Don girman Allah, me kake so?"

Na ce, "Tukuicin shara, ranka ya daɗe."

Ya cusa hannu a aljihu. Na ce, "A'a. Kai ka ce bawa ba shi da dukiya, ina zan kai kuɗi? Dutsen nan dai da awaki suka ƙi."

Ya ce, "Kai mugu ne."

Na ce, "Wasa ne fa, Alhaji. Ko fushi ka yi? In fushi ka yi in gaya musu."

Ham ya sake tashi, Inna kuma ta ɗaga murya tana tambaya ina lemon. Ya ce to ya ba ni. Na ce ni kunnena ɗaya ba ya ji sosai tun bulalar malam, ya faɗa a gaban Gwaggonsa.

Ya fito tsakiyar jama'a, ya buɗe haƙorin zinare, ya ce ya ba bawansa tsibirin nan tukuicin shara. Aka yi guɗa. Inna ta ce, "Kun dai ji, ku ne shaidu. Kyautar ranar shara ba a komawa a karɓe ta, wanda ya karɓa kuwa ba da yawuna ba." Sannan ta ɗaga cinya na zare filafili, na ce mata firjin bayan ashe ya lalace, aka kawo mata ruwan randa.

Na tafi ɗauko baƙi, tun da ya biya tukuici. Amma cikina a cike yake da gaske, kuma ban ga dalilin gaggawa ba. Ina tsakiyar ruwa na ga fitilun suna juyawa ɗaya bayan ɗaya. Da na isa gaɓa saura direba guda da aka bari ya ba da saƙo, yana ta marin wuyansa. Ya ce maigida ya ce a gaya wa Alhaji sauron garinku sun yi masa liyafa, ya gode. Na ce zan isar, kuma na isar, a gaban kowa, ban rage ko kalma ba.

Kwana kaɗan ya aiko aka kwashe janareta da garmaho da tebura, aka ɓamɓare kwanon rufi da ƙofofi, har ƙusoshin bango. Ni na yi ta fitar da su, da dogon wandona. Firjin baya ne kawai Alhaji ya zo da kansa ya tsaya a kai aka lulluɓe shi da tabarma. Ya bar mini bango huɗu ba rufi, na ɗora musu zana. Na zubar da yashin turmin mahaifiyata, na wanke shi da toka na shanya, amma sai da aka yi watanni yajina yana ɗan warin taba. Na aika wa mai kukuma ya dawo.

Kada a ɗauka na talauta shi. Waccan kwangilar ta wuce shi, ya sami wasu, lokacin kuɗi ko a ƙasa ka faɗi sai ka tashi da su. Ni ma ban yi arziki ba. Da kuɗin fetur suka ja baya baƙi suka ɗauke ƙafa, ciyawar kacalla ta cinye rabin ruwan, yanzu sai masu kamun kifi ke tsayawa su sha inuwa. Amma har yau in aka tashi kwatance, tsibirin wane ake cewa, kuma ba sunansa ake kira ba.

Yanzu duk mun tsufa, ya dawo Kazaure da zama, haƙorin zinaren ma ya faɗi. 'Ya'yana suna ce mini Baba a bar maganar nan haka, an girma. Nakan ce musu wace magana, ai wasa ne. Duk shekara ranar cika-ciki nakan ɗauki tsintsiya in hau a-daidaita-sahu in je ƙofar gidansa. Jikokinsa su ruga ciki suna bawan Alhaji ya zo, ya aiko a ce barci yake. Ni kuwa sai in zagaya bayan tagarsa, inda ƙasa ta fi laushi, in yi ta shara a hankali har sai na ji ya fara tari.